Injin buga riguna mai sarrafa kansa: wanne ya dace da shago a Garwa?

Ɗan'uwa, tambayarka ta iso, ga kuma yadda na fahimce ta. Kana da shagon buga rubutu da tambari a jikin riguna a Garwa, kana aiki da karusel (teburin bugu mai juyawa) na hannu mai launi huɗu tare da yara biyar, a wata mai kyau kuna fitar da riga wajen 3,000. Kwanan baya wata babbar odar rigunan wasanni ta kuɓuce maka saboda ba za ka iya gamawa a kwanakin da aka ɗibar maka ba. Yanzu wani dillali a Duwala ya yi maka tayin tsohon injin Turai mai kai 6 (kowane kai launi ɗaya yake bugawa) da ke aiki da iska, ka kuma ga sabo ɗan ƙasar Sin mai kai 8 a intanet wanda kuɗinsa bai kai na wancan ba. Kana so ka san wanne zai ƙara maka aiki da riba.

Shawarata ita ce kada ka tura wa kowa ko sisi sai ka zauna da littafin odarka na shekarar da ta wuce. Inji ba ya kawo ciniki, cinikin da ke akwai yake gamawa da sauri. Ka buɗe littafin ka ware odojin gida biyu: waɗanda suka kai riga 200 zuwa sama, da waɗanda ba su kai ba. Ka kuma rubuta waɗanda ka mayar saboda ƙarancin lokaci, na gaskiya, ba waɗanda aka zo aka tambayi farashi aka wuce ba. Abin da za ka gani na san shi, domin haka kasuwarmu take a nan arewa. Aiki yana zuwa ne a dunƙule: 11 ga Fabrairu ranar matasa, 8 ga Maris ranar mata, 1 ga Mayu ranar ma'aikata, 20 ga Mayu ranar ƙasa, sai komawa makaranta a Satumba. Tsakanin waɗannan akwai watannin da rabin yaranka ke zaune suna jiran mai riga 30 ta biki ko ta suna. Zaɓe kuwa kada ka sa shi a lissafi ko kaɗan; na shugaban ƙasa sau ɗaya ne a shekara 7, kuma ba a cin bashin inji a kan abin da ba shi da tabbas.

Bari mu yi lissafi na misali, kai kuma ka cire alƙalumana ka sa naka. A ce komai da komai, wato injin, tanderun gasa tawada, firam-firam masu ragar da ake fitar da zane a kai, gyaran wuta, duwan (kwastan) da kuɗin mota har ƙofar shagonka, ya tashi sefa miliyan 30. Kana so kuɗin su dawo cikin wata 36, ke nan wajen sefa 833,000 kowane wata. A ce ƙarin wuta da gazal (man dizal) da gyare-gyare zai ci 400,000 a wata. An tashi 1,233,000. Idan abin da ke rage maka a kan bugun riga ɗaya bayan tawada da ladan yara sefa 300 ne, kana buƙatar riga wajen 4,100 kowane wata, kuma ƙari ne a kan 3,000 da kake yi yanzu, tunda waɗancan su ke ciyar da gidanka da shagon tun can. Injin zai buga 4,100 ɗin a cikin awa 10 ko 11. Saboda haka saurinsa ba shi ne abin damuwa ba. Abin damuwa shi ne ina za ka samo riga 4,100 a watan Agusta, ana tsakiyar damina, makarantu na hutu. In littafinka ya nuna cewa manyan watanni za su ɗauki nauyin ƙananan, ko kana da makarantu da ƙungiyoyi da kamfanonin da ke dawowa duk shekara, ko ƙananan shaguna na Marwa da Gidar da Ngaundere za su riƙa kawo maka manyan odojinsu ka buga musu, to ci gaba da karantawa da niyyar saye. In bai nuna ba, akwai magana a ƙasa da ta fi dacewa da kai.

Masu sayarwa za su nuna maka takarda mai cewa injin yana buga 800 ko 900 a awa. Wannan juyawar injin ce babu riga a kai. A aiki na gaskiya, da mutum ɗaya yana ɗora riga, ɗaya yana cirewa, ɗaya yana tara su a bayan tanderu, ana tsayawa a ƙara tawada a goge raga a sake shafa gam a farantin da ake shimfiɗa riga a kai, ka sa ranka a kan 300 zuwa 500. Wannan ma riba ce babba idan ka tuna cewa aiki mai launi huɗu da hannu da ƙyar yake kai 60 ko 70 a awa, kuma bayan azahar hannun yaro ya gaji, rigar ƙarshe ba ta kama da ta farko. Inji kuwa matsin raklet ɗinsa (robar da ke tura tawada ta cikin raga) da kusurwarsa da saurinsa ɗaya ne daga safe har dare. Wannan daidaito shi ne abin da kamfanoni ke biya, har ya fi saurin muhimmanci a wurinsu, ga shi kuma tawada tana raguwa saboda ba a danna ta fiye da kima.

Abin da ya kamata ka tambayi mai sayarwa shi ne tsawon lokacin da ake ɗauka kafin a saita aiki. Odar riga 60 mai launi huɗu injin zai buge ta cikin minti 10, amma in saita firam huɗu su hau kan juna ya ci minti 45, me ka samu? Manyan kamfanoni duk suna da tsarin da ake daidaita hoto a kan raga tun a ɗakin haske, ta yadda firam yana hawa inji ya faɗa wurinsa. M&R na Amurka suna kiran nasu Tri-Loc, ROQ na Fotugal da MHM na Ostiriya su ma kowa da nasa. Da irin wannan tsari saiti yakan dawo minti 10 zuwa 15. A shago irin naka mai odoji matsakaita da yawa, wannan ya fi ƙarin riga 200 a awa amfani nesa ba kusa ba. In injin Duwala bai zo da kayan wannan tsari ba, ka tambayi kuɗinsu daban ka sa a lissafi.

Sai maganar yawan kai, kuma a nan ne tayin mai kai 6 yake ba ni tsoro. Ɗauki aikin da ba ya yankewa a watan Mayu, tutar Kamaru a kan baƙar riga ko shuɗiya. Sai ka fara shimfiɗa fari a ƙasa, in ba haka ba kore da ja da rawaya za su nutse cikin launin rigar. Kai ɗaya ya tafi. Farin nan sai an busar da shi da filash kafin a ɗora masa wani launi, filash kuwa wurin kai ɗaya yake zama. Biyu ke nan. Bayan filash faranti da riga suna da zafi, in ka buga nan take tawada za ta manne a bayan raga, don haka ana barin wuri ɗaya babu komai don ta huce, a zafin Garwa kuwa wannan wajibi ne. Uku. Kore, ja, rawaya, shida sun cika. Ina za ka sa sunan makaranta da fari mai haske, ko baƙin layin da ke zagaye tambari? Sai dai ka zagaya da rigar sau biyu, saurin da ka saya da miliyoyi ya rabu biyu. Saboda haka ni abin da nake ba mutane shawara a kai shi ne kai 8 da faranti 10. Sama da haka, irin su 12 ko 14, na masu aikin hoto mai launuka barkatai ne, kuma irin wannan oda a wurinmu yawanci 'yan ƙalilan ne da DTF, wato firintar da ke buga hoto a leda a manna shi a riga da zafi, ta fi dacewa da su.

Ka auna shagonka kafin ka yi nisa. Mai faranti 10 faɗinsa yakan kai mita 4 ko ya ɗan wuce, sai ka bar hanyar da mutum zai zagaya shi, ga tanderu mai tsawon mita da yawa a gefe, ga teburan riguna. Ƙasa kuma sai daɓen siminti mai kauri wanda ya miƙe sosai, domin nauyin ya haura tan ɗaya. Ƙofa ma ka auna ta.

Yanzu ga wuta, wadda ita ce ke yanke hukunci a arewacin Kamaru fiye da sunan kowane kamfani. Wutarmu mai layi uku volt 380 ce, mai juyi 50 a daƙiƙa. Injin da aka ƙera don kasuwar Amurka yawanci na 208 ko 230 ne mai juyi 60, don haka duk tsohon injin da aka kawo maka, fara duba ƙaramin farantin ƙarfen da ke jikinsa mai ɗauke da waɗannan lambobi. Na Turai da na Sin galibi sun dace da tamu. Injin bugun kansa ba ya cin wuta sosai. Masu ci su ne abokan tafiyarsa: filash ɗaya yana iya jan kilowat 10 ko fiye, tanderun lantarki da zai iya bin saurin inji yakan ja 20 zuwa sama, kwamfuresa kuma 5 zuwa 7 da ɗoriya. Kafin ka ankara ka doshi kilowat 40. Mitar shagonka ta yanzu da wayoyin da ke bango ba za su ɗauka ba, sai ka nemi layi uku da ƙarfin da ya isa, kuma wannan takarda ce da kuɗi da jira, gara ka fara bin ta tun kafin kaya su taso.

Ka kuma tuna inda wutar take fitowa. Yankunan arewa uku sun daɗe suna dogaro da madatsar Lagdo da ke kan Binuwai, mai ƙarfin megawat 72, wadda aka gama a 1982. An ƙara tashoshin hasken rana a Marwa da Gidar, sun kuwa taimaka, amma har yanzu ƙarshen rani, lokacin da ruwa ya ja baya kuma kowa ya kunna fanka da firji, shi ne lokacin da wuta ta fi wahala. Duba kalanda ka gani: Maris, Afrilu, Mayu. Daidai watannin da odarka ta fi yawa. Mai inji da ba shi da gurup (janareta) a wannan lokaci zai karɓi aikin riga 5,000 ya zauna yana kallon agogo, shi kuwa 20 ga Mayu ba ya jiran kowa. Gurup ɗin da zai ɗauki kilowat 40 yana shan gazal fiye da lita 10 a awa, lita kuma ta haura sefa 800. Wannan kuɗi ya shiga farashin kowace riga tun daga ranar farko. Akwai hanyar rage nauyin, ita ce tanderun gas, wanda fanka da bel kawai yake buƙatar lantarki. In za ka saye shi, ka tabbatar an saita shi don gas ɗin kwalba, domin da yawa na gas ɗin bututu ne, kuma ka san kwalba ɗaya ta kilo 12.5 ba ta riƙe shi. Sai an jera kwalabe da yawa a waje, a inuwa, mai sanin aikin ne kuma zai haɗa su. Ko da wace wuta za ka yi aiki, na'urar daidaita ƙarfin wuta da waya ta ƙasa mai kyau dole ne, domin hawa da saukar wuta su ke ƙona allon kwamfutar inji, shi ne kuma abu mafi tsada a jikinsa.

Tanderu ma ina so ka ɗauke shi da muhimmanci kamar injin, ko fiye. Tawadar plastisol ba ta bushewa da iska, sai ta kai zafin digiri wajen 160 tun daga samanta har ƙasa kafin ta nuna. In tanderunka riga 150 yake iya gasawa a awa, to shagonka na riga 150 ne ko da injin yana iya 500. Wanda ya ƙara wa bel gudu don ya bi inji zai ga riguna sun fito kamar sun yi, sai an wanke sau biyu rubutu ya fara tsagewa, makaranta guda ta dawo maka da kaya. Rigunan ƙwallo na leda kuma nasu daban ne: zafi ya yi yawa, rinin rigar ya taso ya shiga fari, jan riga ta mayar da lambarta ruwan hoda bayan kwana biyu. Su sai tawada mai nuna a ƙaramin zafi da tanderun da za ka iya riƙe zafinsa daidai. Da za a ce kuɗinka na abu ɗaya ne kawai a bana, tanderu mai kyau zan ce ka saya, ka ƙara karusel na hannu na biyu mai launi shida da filash, ka sayi ƙaramar DTF don odojin 20 da 30. Wannan ita ce maganar da na ce tana jiran wanda littafinsa bai kai ba, kuma ba ja da baya ba ne, domin tanderun nan shi zai yi wa injin aiki ranar da ya zo.

Tsakanin mai iska da mai lantarki zalla, ga yadda nake gani. Mai iska ya fi sauƙin ganewa, kuma Garwa ba ta rasa masu gyaransa ba, tunda masana'antun auduga da na mai sun horar da makanikai da suka san bawul da silinda. Amma yana buƙatar kwamfuresa mai ba da matsi wajen bar 6 zuwa 7 ba yankewa, da na'urar da ke cire ruwa daga iskar. Da damina in babu ita, ruwa zai taru a bututu ya ci bawul-bawul ɗin. Da hunturu kuma ƙurar nan mai laushi tana toshe matatar iska cikin 'yan kwanaki. Mai lantarki zalla, irin Volt na kamfanin Anatol, ya raba ka da kwamfuresa da ƙararsa da wutar da yake ci, sai dai in na'urar da ke tuƙa motar lantarkin da ke juya shi ta mutu, ba a gyara ta a bakin kasuwa, sai an aiko da wata. Yawancin irin waɗannan na'urori kuma an yi su ne don zafin da bai wuce digiri 40 ba, mu kuwa a Maris da Afrilu muna wuce haka a inuwa, balle a ƙarƙashin kwano kusa da tanderu. Ko wanne ka ɗauka, ka sa silin, ka fitar da hayaƙin tanderu waje ta bututu, ka sa fanka a akwatin wutar inji, ka riƙa hure ƙurarsa kowane mako. Da yawa daga injinan yanzu gauraye ne, mota ce ke juya faranti da jan raklet, iska kuma tana ɗagawa da matsawa. Irin wannan shi na fi natsuwa da shi a wurinmu, domin iskar da yake sha kaɗan ce.

Kan batun na Turai ko na Sin kuwa, ni ba na zaɓe da sunan ƙasa. Akwai injinan Sin da ke aiki lafiya shekara da shekaru, akwai kuma waɗanda bayan wata shida launuka ba sa sake hawa kan juna. Ka ce a buɗe akwatin wuta a ɗauko maka hoto kusa-kusa. In ka ga bawul na SMC ko Festo, ƙwaƙwalwar inji ta Siemens ko Mitsubishi ko Omron ko Delta, to kayan da ake samu ne a Duwala ko Kano, kowane ƙwararren mai lantarkin masana'anta zai gane su. In ka ga kaya marasa suna, to ranar da ɗaya ya lalace kana hannun mutum ɗaya tilo da ke wata nahiya. Ka nemi lambar wani da ya sayi irin injin a Afirka shekara biyu da suka wuce, ka kira shi da kanka, ka tambaye shi kwana nawa ya jira kayan gyara na ƙarshe. Kamfanin da ya kasa ba ka ko mutum ɗaya, ka bar shi.

Tsohon na Duwala kuma, in har kana son sa duk da ƙarancin kai, kada ka saya daga hoto. Ka hau jirgin ƙasa daga Ngaundere ka je da makanikinka da firam biyu masu siraran layuka da riga 100. A kunna shi a gabanku. Ku buga launi biyu a kan juna daga ta farko har ta ɗari, ku duba ko layukan sun goce, ku kuma gwada a kowane faranti, domin wani lokaci hannu ɗaya ne ya lanƙwashe. Ku duba lambar da ke nuna yawan bugun da ya yi tun da aka ƙera shi, ku kashe komai ku saurari ko iska na tsiyaya, ku girgiza faranti bayan ya kulle ku ji ko yana motsi. Ka tambayi littafinsa da zanen wayoyinsa da lambar sirrin allonsa. Ka kuma rubuta wa kamfanin da ya ƙera shi da lambar jikinsa ka ji ko har yanzu suna sayar da kayansa, domin akwai tsofaffin da aka daina yi wa allo.

Wani abin da ke ba mutane mamaki bayan inji ya iso shi ne firam ɗinsu na katako duk sun tashi aiki. Da hannu, yaro mai basira yana rufa wa sakakkiyar raga asiri, ya ƙara matsi a nan ya rage a can. Inji ba ya yin haka. Yana son firam na alminiyom, duk girma ɗaya, wanda aka fi amfani da shi wajen santimita 58 da 79, raga a ɗaure tamau, ƙarfinta ya kai niyutan 20 zuwa 25 a ma'auni. Kana buƙatar aƙalla 30 ko 40 don wasu na kan inji, wasu na wanki, wasu na jiran gobe: masu zare 43 a kowane santimita don fari da manyan rubutu, 62 da 77 don aikin yau da kullum, 90 zuwa 120 don ƙananan zane. Fitilar gasa raga ma sai ta kai girmansu, ɗakin shanya kuma ya zama a rufe, domin kowace ƙwayar ƙura da ta zauna a kan jiƙaƙƙen maganin da aka shafa wa raga rami ce da za ta ɗiga tawada a riga 400 kafin wani ya lura. Yaranka biyar kada ka sallami kowa. Uku a kan inji, biyu a ɗakin raga, kuma mafi hankalinsu shi za ka ba ɗakin raga. Ka koya musu tun ranar farko cewa ba a shiga tsakanin faranti sai an tsayar da inji, ba a kuma cire igiyar tsaro don a yi sauri; hannun ƙarfen nan in ya juyo yana karya haƙarƙari.

Farashin da ka gani a intanet kuma na bakin masana'anta ne. Ka ɗora kuɗin jirgin ruwa zuwa Duwala ko Kiribi, harajin duwan wanda a tsarin CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen Afirka ta Tsakiya, kayan aiki irin wannan yawanci kashi 10 ne cikin 100, harajin kayayyaki na TVA mai kashi 19.25, ladan mai fitar da kaya, sai doguwar tafiya zuwa Ngaundere da gangarowa ta dutsen Mbe har Garwa, da motar da za ta sauke akwatunan. In da yuro ake ciniki lissafi ya yi sauƙi tunda yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi, dala kuwa tana hawa tana sauka tsakanin ranar alkawari da ranar biya. Ka sa a saka maka kayan gyara a cikin akwati ɗaya da injin: bawul biyu ko uku, na'urorin gane motsi, fitilun filash, robar raklet, bel, da faranti ƙanana na rigunan yara, tunda rabin aikin makarantu nasu ne.

A takardar ciniki a rubuta wanda zai zo Garwa ya kafa injin, kwana nawa zai zauna yana koya wa yaranka, da wanda zai biya masa mota da masauki. A rubuta kuma cewa kashi na ƙarshe na kuɗin, ko da 15 ko 20 ne cikin 100, ba zai fita ba sai injin ya buga riga 500 masu launi huɗu a shagonka, da wutarka da firam ɗinka, ba tare da launi ya goce ba. Ka tsara zuwansa ya faɗa Oktoba ko Nuwamba, yadda yaran za su samu wata biyu ko uku suna saba hannu da ƙananan ayyuka kafin odojin 11 ga Fabrairu su fara shigowa.